Ranar da Tukunyar Inna Nata'ala Ta Yi Ƙaura

Duk Bahaushiyar da ta haihu a Alƙahira cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya a ce bayanta bai san hannun Inna Nata'ala ba. Mutuniyar Tasawa ce, gajeruwa, mai siririyar murya da taurin kai na ban mamaki. Mijinta ta biyo da ya zo karatu, ya gama ya shiga sayar da littattafai a Darrasa, a nan Allah ya karɓi abinsa. Dangi suka ce ta dawo gida, ta ce sai ta yi shawara. Har yau shawarar take yi.

Sana'arta wankan jego. A gida in mace ta haihu, uwa ko gwaggo ke dafa mata ruwa safe da yamma har kwana arba'in. To a nan ina uwa, ina gwaggo? Sai miji da tulin littattafansa, da 'yar hitar lantarki wadda kafin a cika bokiti na biyu ta gaji. Shi ya sa matan ɗalibai ke hawa bene shida a Ard al-Liwa, zuwa ɗakinta na kan rufi, wasu su kwana bakwai, wasu su riƙa zuwa kullum.

Ƙarfin sana'ar kuwa tukunyar ce. Masarawa na ce mata gallaya, ita Inna tukunya take cewa, kuma ba ta canza ba. Baƙin ƙarfe ne mai kauri, tsayinsa ya kai kafaɗar namiji: murhun itace a ƙasa, tankin ruwa a sama, ga bututun hayaƙi, ga wasu bututu biyu da suka ratsa bango suna ɗumama ɗaki. Wani Bature ne a Ma'adi ya yi shekaru yana ɗumama gidansa da ita, da zai tafi ya bar wa mai gadi, mai gadi ya sayar wa Inna. Guntayen katako take karɓa wurin wani kafinta, da rassan da ake sarewa a bakin titi. Ganyen darbejiya ba ya samuwa, sai ta koma ganyen turare, kuma ba wadda ta taɓa ƙorafi.

Ana tsakiyar sanyi mai gidan ya ce zai ɗora hawa na bakwai. Magina za su zo ranar Asabar, duk ƙarfen da suka tarar a rufin na masu sayen gwangwan ne. Inna ta sami wani ɗakin rufi a Hada'iƙ al-Ma'adi, ta kwashe komatsanta, saura tukunya. Ta yi magana da Isam, mai injin nan da ke sauke kaya ta wajen bene, wanda suke kira winsh. Alhamis da ƙarfe takwas, in ji shi, don Juma'a ba ya aiki.

Abin da ya hana Inna sukuni shi ne Lailatu, matar wani ɗalibi Khalilu. 'Yar Gusau ce, cikin fari, wata ya kama. Mahaifiyarta ba ta da lafiyar hawa jirgi, kullum sai ta bugo waya da tambaya ɗaya: wa zai dafa wa yarinyar nan ruwa a ƙasar sanyi? Inna ta karɓi wayar da kanta ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ni ce uwarta a nan." Ta ɗauki alkawari, in tukunya ta salwanta kuwa ba ta da abin cika shi.

Sai dai Alhamis ɗin ita ce ranar arba'in ɗin Ummul-Khairi, wata mai jegon da Inna ke yi wa wanka. Mai hankali zai ce a haƙura da wankan rana ɗaya, ko a ɗumama ruwa a butar lantarki. Amma Inna? Haba! Ta yi wa mace wankan kwana talatin da tara sannan ta ƙi rufe mata na arba'in? Ana idar da sallar asuba ta hura wuta, wuta kuma ta gaske.

Isam ya hau yana haki, ya kai hannu zai jijjiga tukunyar, ya janye da ihu.

"Ya Hajja! Wuta? Yau ɗin?"

"Ma'alish, ya usta, yi haƙuri maigida. Arba'in ce."

Ina ruwan Isam da arba'in. Ya ce a zubar da ruwan zafin a sheƙa mata na sanyi, yalla, maza-maza, minti goma ta huce. Inna ta sha gabansa ta tsaya. Irin ƙarfen nan in yana da zafi aka watsa masa ruwan sanyi tsagewa yake, kuma ba mai walda da zai ɗinke shi. Ta ce da kanta za ta huce, kamar yadda ta saba, zuwa la'asar. Isam ya sha shayi kofi biyu, ya duba agogo, ya ce yana da aiki har dare, Asabar ma an riga an kama injin. "Khalas, shi ke nan," in ji shi, ya naɗe igiyoyinsa ya tafi.

Inna ta zauna a kan bokiti tana kallon tukunyarta. Ta san laifinta ne, ta kuma san ko yau aka maimaita sai ta hura. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har kunun da ta dama ta kasa sha. Ummul-Khairi ta goya ɗanta, ta koma gefe ta aika saƙon murya a zauren matan na waya.

Bayan sallar Juma'a sai ga maza goma sha huɗu cikin fararen jallabiya, kowa matarsa ta koro shi. Malamai ne fa, a tambaye su nahawu su kwana suna bayani, amma ɗaurin igiya sai kallon-kallo. Allah ya taimaka akwai Sagiru, mijin Ummul-Khairi, wanda ya taɓa lodin buhuna a kasuwar hatsi kafin ya zo karatu. Shi ya sa aka tsiyaye ruwa, aka kwashe toka, aka cire ƙofar murhu da bututu, aka kwantar da tukunyar a kan tsohuwar katifa. Shida suka riƙe igiya ta sama, sauran suka tare ta ƙasa, ana zame ta mataki-mataki. Inna na biye tana faɗa: "A hankali da bakin famfon! Kai Malam, bango kake karewa ko tukunya?"

A kwanar hawa na uku tukunyar ta cije. Khalilu na can ƙasa, kafaɗarsa ƙarƙashin ƙarfe, sai wayarsa ta hau ruri a aljihu. Ta yanke, ta sake. Kowa ya san wayar mece ce, shi kuma in ya saki sai ta danne mutum uku. Ya cije leɓe yana zufa cikin sanyin nan har Sagiru ya sa aka miƙar da ita tsaye, aka juya, ta wuce. Yana ɗagawa maƙwabciyarsu ta ce naƙuda ta kama Lailatu, sun tafi asibiti. Inna ta ce, "Me kake jira? Tafi!" Ya sauka da gudu, jallabiya duk baƙin hayaƙi.

Sauran suka ɗora ta a akori-kura, suka haye kogi, suka sake hawa bene huɗu da ita kafin magariba. Asabar mai gyaran famfo ya haɗa bututu. Inna ta cika tankin ta bar shi yini guda ba wuta, tana shafa ƙasansa da hannu ko zai yi yoyo. Ko ɗigo. Lahadi da safe ta hura 'yar ƙaramar wuta, ta ƙara itace sannu a hankali, har bangon ɗakin ya fara ɗumi.

Da hantsi Khalilu ya hawo da Lailatu da jaririya mace. Inna ta surka ruwa daidai yadda jiki zai ɗauka, ta yi mata wanka da ganye, ta ba ta kunun kanwa, ta lulluɓe ta. Sannan Lailatu ta kira Gusau ta bidiyo. Tsohuwar ta daɗe tana kallon jikarta, ta kalli tururin da ke tashi a bayan 'yarta, ta ce a ba ta Inna.

"Hajiya Nata'ala, an yi wankan?"

"An yi, Hajiya."

"Ruwan na itace ne?"

Inna ta fita da wayar, ta buɗe ƙofar murhu ta nuna mata garwashi. Tsohuwar ta ja gefen mayafi ta share ido.

"Allah ya biya ki," in ji ta. "Wata guda ke nan ban yi barcin kirki ba. Yau kam zan yi."