Rigar Habibu a Gonar Gero

Jama'a, wannan abu da idona na gan shi, Allah ne shaidata, sunaye kawai na canja saboda iyalansu suna raye. Ni mutumin Kazaure ne, tela, kuma shekarun baya na yi aiki a wani sansanin sojan sama, a ɗakin da ake ajiye rigunan matuƙa jiragen yaƙi.

Can ƙololuwar sama iska ba ta da kauri, in jirgi ya samu matsala iskar cikinsa ta fice, kafin matuƙi ya gama Fatiha ya suma. Shi ya sa suke da riga ta musamman. Akwai wadda ke rufe mutum ruf har kai, a cika ta da iska, wannan a hoto kawai na gan ta. Tamu matsattsiya ce, da bututun roba a gefen hannu da ƙafa, in aka hura musu iska su kumbura su ɗaure jiki tamau, jini ya tsaya inda ya kamata. A jikin mai ita ake jan igiyoyinta a daidaita, don haka ta wani ba ta yi wa wani. Ni da yake boko bai zauna mini ba, da ajami nake ɗinka sunan kowa a cikin wuyan rigarsa.

Shugabanmu a ɗakin shi ne Oga Ɗanladi, ɗan Kanya Babba. Cikin matuƙan kuma akwai Habibu, ɗan Roni, shi kaɗai uwarsa ta haifa. Wata rana Habibu ya tarar ba a gwada bututun rigarsa ba, ya yi wa Ɗanladi faɗa a gaban ƙananan ma'aikata. Ɗanladi ya yi murmushi ya ce, “Ba komai, yallaɓai, akwai gobe.”

Ina hutu a gida labari ya zo cewa jirgin Habibu ya faɗo, bai tsira ba. Da na koma na tambayi rigarsa, Ɗanladi ya ce ai tun kafin ranar ta yage an mayar da ita, wata aka ba shi daga sito. Na yi wa Habibu addu'a, na ɗauka kwana ne ya ƙare.

Shekaru suka shuɗe, duk mun bar aiki. Wata kaka, gero ya fara nuna, sai ga ƙanin Ɗanladi a shagona, wai yayansa ba lafiya, kuma ni yake kira. Na hau bayan babur ɗinsa, muka isa Kanya Babba kafin azahar. Na same shi a zaure ya rame, yana jan numfashi kamar wanda aka danne wa ƙirji. An je asibiti a Babura, an je Kano, ba a ga komai ba.

Na ce, “Oga, me ya same ka haka?”

Ya ce, “Malam, bar kiran ogan nan. Duba.”

Ya ɗaga hannun rigarsa. Wallahi tallahi, tun daga kafaɗa har wuyan hannu shatar igiya ce a giciye a fatarsa, irin saƙar da ni da hannuna nake ja a jikin matuƙa.

Shi ya faɗa mini da bakinsa. Rigar Habibu lafiyarta ƙalau, ɓoye ta ya yi, ya ba shi wata tsohuwa da robarta ta mutu, wai don ya ɗan sha wuya ya rage girman kai. Da abin ya faru, tsoro ya sa ya cusa wadda ya ɓoye a buhu ya kawo gida. A wannan kakar tsuntsaye suka dame su, ƙanin ya ga tsumma a bayan rumbu, bai san komai ba, ya kafa ta a sanda a tsakiyar gona ta zama mutum-mutumi. Tun ranar numfashi ya fara gagarar Ɗanladi.

Muka tafi gonar ni da ƙanin, rana tsaka, ba duhu balle a ce idona ne. Gonakin maƙwabta tsuntsaye sun cika su, tasu ko ɗaya babu. Na ce masa, “Kai, da me ka cusa ta ta cika haka?”

Ya ce, “Baba, ko ciyawa ban sa ba. Haka na rataye ta, lakwaf.”

Tana tsaye a cike, kafaɗa da ƙirji da cinya, kamar da mutum a ciki, bututun kuwa yana reto, bakinsa a buɗe, ba a haɗe da komai ba. Na yi bisimilla na juya wuyan, ga sunan Habibu da ajamina. Na ɗora tafin hannu a ƙirjin. Da ɗumi, kuma ba ɗumin rana ba. Sai ya taso a ƙarƙashin hannuna, ya sauka, ya sake tasowa. Na sa almakashina a igiyar rigar don in yanke ta, wallahi kamar na kama waya, ko gezau. Ayatul Kursiyyu ce ta dawo da ni zaure.

Ɗanladi ya ce in taimaka in je Roni in roƙar masa gafarar uwar yaron. Washegari da hantsi na je. Na tarar da Inna Hajara tana tsince wake a faranti, na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma daina tsintar ba.

Ta ce, “Ashe da hannun mutum. Ɗan nan, ko gawa ba a kawo mini ba. Tun ranar, bayan kowace salla nake cewa, in da wanda ya jawo, Allah ka hana shi abin da ya hana ɗana.”

Na ce, “Inna, Allah yana son mai yafiya. Mutumin nan yana bakin kabari.”

Ta ce, “Shi yana da kabarin ma. Ka gaishe shi, ka ce ban yafe ba.”

Kafin in isa Kanya Babba wurin Ɗanladi rai ya yi halinsa. Bayan jana'iza na leƙa gonar, na tarar da rigar ta zame daga sandar tana ƙasa, a shanye kamar buhun da aka zazzage. Muka haƙa rami muka binne ta.

Ni dai na san mamaci ba ya dawowa, haka malamanmu suka koya mana, kuma ban ce na san abin da ya numfasa a ƙarƙashin hannuna ba. Amma ƙanin ya ce har bana tsuntsu ba ya sauka a wurin. 'Yan'uwa, duk wanda aka damƙa wa ran wani a hannunsa, ko igiya ce zai ja, ya ajiye fushinsa a waje kafin ya taɓa. Kuma ku ji tsoron addu'ar uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba. Allah ya sa mu cika da imani.