Ƙusoshin Baba Sallau

Duk wanda ya taɓa jerawa da Baba Sallau a garin Faskari ya san ba ya kallon gabansa, ƙasa yake kallo. Ba kunya ba ce, ƙusa yake nema. Da ya hango wata, komai tsatsarta, sai ya durƙusa ya ɗauka, ya hure ta, ya jefa aljihu, ya ce, "Ba ta mutu ba, lanƙwashewa ta yi." Masassaƙi ne, turmi da kujera da akushi, aikin da ko ƙusar ba ya ci sosai. Ni da nake ɗiyar ƙanensa na ɗinke aljihun nan har na gaji.

Wasunku suna cikin motar ranar da muka dawo biki daga Sabuwa. Hanya duk ramuka, mota na rarrafe, daji hagu da dama, kowa na addu'a a ransa saboda halin da ake ciki. Kawai sai Baba ya buga ƙofa.

"Direba, tsaya! Tsaya na ce!"

Wallahi na ɗauka ɓarayi ya hango. Wata mata ta kama salati, wani ya tura wayarsa cikin safa. Baba ya sauka, ya koma baya, ya dawo riƙe da ƙusa guda. Direba kamar zai yi kuka.

"Haba Baba! Don wagga 'yar aba ka tsaida mu nan wurin?"

"Da na bar ta, gobe tayarka za ta ci. Ka ce ka gode."

Don haushi na sayo masa sababbin ƙusoshi fal takarda a kasuwar Sheme, ko zai bar mu mu huta. Ya juya su a tafin hannu, ya maido mini. "Waɗanga ba su san aiki ba," in ji shi. Suna nan a akwatina har yau.

To, ga wadda na fi son ku ji. Ɗiyarsa tana aure a wani ƙauye wajen Sabuwa. Ɓarayin daji suka kore shanunsu kaf a kan idon 'yarta Zinatu, uban ya bi sawu, bai dawo ba. Suka taho wurin Baba, uwa da ɗiya. Zinatu ba ta kai shiga firamare ba, ga surutu kamar rediyo, amma tun ranar nan ta rufe baki. An yi rubutu, an je asibiti, shiru. Tsoronmu kada ta tabbata haka.

Ina koyar da ƙananan yara a Ƙanƙara, sai na kawo mata irin tayil ɗin roban nan masu launi da muke wasan gini da su, masu mannewa da juna. Baba ya ɗaga ɗaya yana harara.

"Mi ka riƙe su?"

"Mayen ƙarfe ne a ciki, Baba."

"Maye? Maye kika kawo mani gida, Hadiza?"

Ya sunkuya zai ajiye, sai tayil biyu suka yi caraf suka manne a aljihunsa. Ya daka tsalle yana a'uziyya, suna reto a rigarsa. Kowa ya fashe da dariya, ban da Zinatu. Da ya ga an tada ɗaki nan take ba laka ba ginshiƙi, sai ya taɓe baki ya ce, "Ginin 'yan kwangila."

Amma da na dawo hutun mako, me zan gani? Shi da Zinatu a gindin dalbejiya, ya baje guntayen itacen da ba ya barin kowa ya sa a wuta. Sun kafa katako biyu sun shimfiɗa tayil sun yi gada. Sun jingina wasu sun yi gangara, motar katako na sulalowa. Ga rumfunan kasuwa, ƙafafu na itace, rufi ja da kore, har da ɗan turmi a ƙofa. Na ce, "Baba, ina mayen?" Ya ce, "Mun shirya. Shi da rufi, ni da ƙafa."

Shi ke magana, ita ke gini. Kuma komai suka fara, a garke take ƙarewa: ta zagaye fili da tayil, ta zauna tana kallon cikinsa, ba komai. Baba ya ɗauki gizago ya sassaƙo mata 'yan shanu masu tozo da ƙaho.

"Ga sadakinki, amarya," ya ce, irin wasansu na kaka da jika.

Ta jera su a kan tayil, ta ɗaga, suka zube. Ta sake, suka zube. Ta ga roba na kama roba, ba ta gane abin da ya hana shanu kamawa ba. Sai ta tattara su a zaninta ta ƙanƙame, hawaye na zuba ba sauti. Ranar nan na yi da-na-sanin kawo kayan, na ce zan kwashe abina. Baba ya ce in bari.

Da safe na tarar da shi yana miƙe tsofaffin ƙusoshinsa a kan dutse. Raina ya ɓaci.

"Baba, ƙusa mai tsatsa a kayan wasan yarinya? So kake mu koma asibiti?"

"Ke hwa kin cika faɗa. Zauna ki gani."

Ya goge kowace da yashi har ta yi fari, ya datse ta, ya kafa a ƙarƙashin kofaton saniya, ya nutsar da kan, ya bi da yatsa ya ji ba kaifi. Ya miƙa wa Zinatu. Ta ɗora su kan tayil, ji kake ƙas, ƙas. Ta karkata, ba su motsa ba. Ta kifa tayil ɗin gaba ɗaya, shanu na rataye kai a ƙasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, da wata 'yar murya da ta dishe:

"Baba, ba su tahi ba."

Uwarta ta saki kwanon da ke hannunta. Baba bai ko ɗago ba, ya ɗauki wata ƙusar yana gogewa.

"Ina za su, amarya? Waɗanga ba mai kora su." Can ya dube ni, idonsa jawur. "Na hwaɗa maki. Lanƙwashewa ta yi."

Da daminar bana ya rasu. Da aka zo raba tufafinsa, aka zazzage aljihu, ƙusoshi suka zubo a tabarma, muka yi dariya muna kuka. Zinatu, wadda yanzu sai an roƙe ta take yin shiru, ta tsince su tsaf ta ce nata ne. Ina kewarsa ƙwarai.

Ya Allah, bawanka Sallau bai taɓa wuce abin da aka yar a ƙasa ba. Kada Ka wuce shi. Ka ɗauke shi da rahamarKa, Ka miƙe masa hanya, Ka raya mana Zinatu. Amin.