Ranar da Aka Zo Gasa Ni a Farin Dutse

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zo gasa ni a Farin Dutse ba, kuma tunda na ga ku sababbin malamai kun damu saboda sufeto zai zo mako mai zuwa, ku gyara zama ku ji. Lokacin ina sabon malamin Turanci a wata ƙaramar sakandare can ƙasar Gwaram, gemu ma bai gama fito mini ba. Tsarin kuwa shi ne, idan an ɗauke ka aiki kana cikin lokacin gwaji har sai sufeto ya zo daga ofishin shiyya da ke Birnin Kudu. Zai zauna a bayan aji ya kalli darasinka, ya yi maka tambayoyi, sannan ya rubuta rahoto. In ya yi kyau a tabbatar da kai, in bai yi ba kana iya tattara komatsanka. Ni kuwa ban daɗe da yin aure ba, ga mahaifiyata a Kiyako ta gama shelanta wa maƙwabta cewa ɗanta ya zama ma'aikacin gwamnati.

Shugaban makarantarmu Malam Ɗanjuma ne, dattijo mai fara'a, kowa Baba yake ce masa. Sufeton da ke kula da mu kuwa Madam Rifkatu ce, mutuniyar Filato da ta daɗe a Birnin Kudu. Hausa a bakinta rangaɗaɗau, amma in dai maganar aiki ce, Turanci take yi, ba sassauci.

A zamanin, kafin ka samu sabis a wayarka sai ka hau tudun bayan makaranta. Can Baba ya amsa kiranta, magana tana yankewa. Abin da ta ce shi ne za ta zo ranar Alhamis, "to grill your new teacher." Abin da ya iso kunnen Baba kuwa guntaye ne: Alhamis, sabon malami, da kalmar grill. Shi dai ya san grill gashi ne. Sai ya sauko yana murmushi ya ce mini, "Malam Nasiru, ka shirya darasinka, sauran ka bar mini."

Ranar Alhamis da hantsi motar ofis ta shigo, sai ta tarar da hayaƙi ya turnuƙe gindin darbejiya. Ga Sabo mai tsire an ɗauko shi daga bakin kasuwa, ya baje wayar gashi a kan garwashi, kaji biyu suna ta zubar da mai, ƙamshin ƙuli da yaji har cikin azuzuwa. Madam ta fito ta tsaya cak.

"Malam Ɗanjuma, mene ne wannan?" A ranar dai, da Hausa ta yi tambayar, kuma ba alamar wasa a fuskarta. "Toshiyar baki za a yi mini? In haka ne yanzu zan juya, in rubuta abin da na tarar."

In ta juya, aikina ya bi ta.

Baba ya cire hula ya sosa kai. "Ranki ya daɗe, ai ke kika ce a waya a yi gashi."

Ta ƙare masa kallo. Can ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malamin Turanci, ka gane abin da ya faru?" Na ce na gane. Ta ce, "To ajiye darasin da ka shirya. Shiga ka koya wa yara wannan kalma, ina kallo."

Kai! Darasin da na yi mako ina haddacewa, ya tafi a banza. Na shiga aji na ɗauki alli. Na rubuta grill a allo, na nuna musu Sabo ta taga, na rubuta: Sabo grills the chicken. Kowa ya gane, har da masu haɗiyar yawu. Sai na rubuta a ƙasa: Madam grills the teacher. Wata yarinya a layin gaba ta zaro ido ta ce, "Malam, kai za a gasa?"

Aka fashe da dariya, ni kuma a nan dabara ta zo mini. Na ce, "Idan innarki ta ce za ta gasa miki aya a hannu, wuta take hurawa?" Ta ce a'a. Na ce, "Da kuka fito daga jarrabawar lissafi kuna cewa kun gasu, wa ya ga garwashi?" Nan hannuwa suka tashi, kowa da nasa misalin. Na bayyana musu cewa Bature ma haka yake yi: grill gashin nama ne, kuma tsare mutum da tambayoyi ne, a juya shi ta nan a juya shi ta can, kamar yadda Sabo yake juya kazarsa.

Daga bayan aji Madam ta ɗaga hannu kamar ɗaliba. "Malam, ke nan in rana ta gasa ni a gona, ko wani ya wahalar da ni, duk in ce grill?" Tarko ne. Na ce a'a, gashin Bahaushe ya fi faɗi, yana ɗaukar kowace wahala, amma wannan na Bature tambayoyi ne kawai. Ta sunkuyar da kai ta yi rubutu.

Bayan an tashi ta shigar da ni ofis, ta gasa ni gashi na gaske, tun daga tsarin darasi har yadda nake duba aikin yara. Na fito rigata sharkaf da gumi. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ne kazar!"

Madam ba ta taɓa ko tsoka ɗaya ba, ta ce a raba wa yaran ajin. Kafin zangon ya ƙare aka tabbatar da ni.

Abin da na koya a sana'a shi ne, kada ka ba yaro rabin kalma. In ka koya masa ma'anarta ta murhu, ka koya masa ta baki, kuma ka fara da abin da yake ji a gidansu. Amma abin da ya fi zauna mini a rai daban ne. Sai bayan rasuwar Baba matarsa ta faɗa mini cewa kajin nan nata ne, masu yi mata ƙwai. Ya roƙe ta ne ya ce, "Yaron nan ba shi da kowa a garin nan, kada a kore shi saboda mun gaza." Ba danginsa ba ne ni, ba ɗan garinsu ba. Har yau in na zo kan wannan kalma a aji, yara suna dariya, ni kuwa sai na juya na fuskanci allo na ɗan jima. Allah ya jiƙan Baba.