Jatan Lande Huɗu da Dogo Ya Bari a Hannuna

Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, ina zaune a falo ina sauraron ƙarar babur ɗinka, Dogo, sai ƙanenka ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ka rasu. Wai kana cikin ɗaura famfo a wani gida ka ce kanka na juyawa, ka zauna a kan bokiti, shi ke nan. Sau uku na sa ya maimaita. Shekararka arba'in da ɗaya. Ni mai tamanin da biyu, da kwalaben magani cike da tebur, wai ni ne ke rubuta ta'aziyyarka. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu, amma har yau abin ya ƙi zama mini a kai.

Gyaran famfon banɗaki ne ya kawo ka gidana wata uku da suka wuce. Tun rasuwar matata ba na tashi sai dole. Ka tarar da ni kwance da rana tsaka, labule a sake, ka ce, "Baba, gidan nan ko ƙuda ba ya motsi." Bayan sati ka dawo da akwatin gilashi a kafaɗa, da buhun gishirin teku, da yashi da duwatsu, ka ce kiwon jatan lande za mu yi. Na ce ni a tukunya na san shi. Ka ce, "Waɗannan ka ci ɗaya, ni da kai sai kotu."

Sati shida ɗan injin da ka haɗa wa akwatin yana juya ruwa ba komai a ciki. Na yi ta mita, kana cewa sabon ruwa kashe su yake yi, sai ya kwanta. Kowace Laraba ka zo da 'yan kwalabenka, ka ɗiga magani a ruwan da ka ɗebo, ka ɗaga wajen taga kana duba launi. Ran da ka kawo jatan landen, huɗu, ja da farin layi a baya, ba ka juye su a akwatin nan take ba. Da siririn tiyo ka riƙa ɗiga musu ruwan akwatin cikin robar da ka kawo su, fiye da awa ɗaya, shayinka ya huce. Ka manna tef a jikin gilashin, ka ce in ruwa ya sauka ƙasa da shi in cika da mara gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan.

Kwana biyu da binne ka, na tashi da safe na ga ɗaya kwance a kan yashi, fari fat, ba motsi. Kukan da na kasa yi a maƙabarta ya zo. Na danna lambarka kafin in tuna. Matarka ce ta ɗauka, muryarta a dushe. Kunya ta kama ni, amma na faɗa mata.

"Baba, ƙirga su," in ji ta.

Na ƙirga. Uku a fili, na huɗu ga gashin bakinsa a bayan dutse.

"Saɓa ya yi. Dama marigayin ya ce in ka taɓa kira yana wurin aiki kana cewa ɗaya ya mutu, in ce maka riga ce kawai ya tuɓe. Kada ka taɓa na bayan dutsen, jikinsa da taushi yanzu."

Mai takaba ce ke lallashina a kan jatan lande. Ko wannan ma ka riga ka shirya.

Jiya Laraba, ranar canjin ruwa ce. Bokitin ya fi ƙarfina, sai na yi da jug, sawu ashirin da biyu daga kicin, ina hutawa a kujera. Har yanzu su huɗu ne. Ban san iya lokacin da ƙafafuna za su yarda ba, amma Laraba mai zuwa ma zan tashi.

Allah Ya jiƙanka, Dogo, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka mata biyu, da ƙanenka, da mahaifiyarka wadda ta fi ni sanin zafin binne wanda ya kamata ya binne ta. Allah Ya ba mu haƙuri. Amin.