Rijiyar da Aka Ba Su Amana

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu abokan aikina sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma maganar rijiyar nan ta wani ƙauye a bayan Tsafe, wallahi ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tiryan-tiryan. Ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na saba'inoni ina aikin duba-gari a Gusau. Aikinmu leƙa randa da masai da kwata, saboda haka ba mu da farin jini ko kaɗan. Matan Sabon Gari in suka hango kekena sai ka ji ana cewa, "Ga shi nan tafe, a rufe randa!" Ana nan sai aka ce za a haɗa mu da mutanen sashen ruwa mu fita ƙauyuka, su su haƙa rijiya, mu kuma na sashen lafiya mu nuna wa jama'a yadda za su tsare ruwan shansu. Ni aka tura wannan ƙauyen.

Tafki guda gare su, nan suke sha, nan shanu suke sha, nan ake wanki. Shi ya sa kurkunu ya mai da garin gidansa. Wanda bai san kurkunu ba, tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta yi kamar shekara a jikin mutum ba ya jin komai, sannan ta ɓullo a ƙafa ta kwantar da shi. Kuma ba ta tashi fitowa sai damina ta kankama, daidai lokacin da ake neman kowane hannu a gona.

Wanda ya fara tare ni shi ne Sarkin Noman garin, wani dogon mutum mai ƙatuwar murya. Kurkunu ya riga ya cinye masa gwiwar hagu, ta sandare ba ta lanƙwasuwa, jan ta yake yi in yana tafiya. Ya saurare ni har na gama surutuna, sannan ya bugi cinyarsa ta dama ya ce, "Malam, wagga ƙafa ita kaɗai ta rage min, da ita nika ciyad da gidana. Gaya min gaskiya, in munka koma ruwan rijiya, abin ga shina barinmu?" Na ce masa in Allah ya yarda zai bar su, muddin ba su sake kai baki tafki ba. Ya ce to shi ke nan, a bar masa sauran.

Kai, ban taɓa ganin gayya irin wannan ba! Mahaƙanmu suna cikin rami, samari suna jan ƙasa, jakai suna kawo yashi da tsakuwa daga rafi, mata suna aiko da fura da ɗumame. Sarkin Noma yana tsaye a kai da sandarsa yana tsokanar kowa, har ni bai bari ba, wai hannuna ya fi na amarya laushi. Mahaƙan suka koya wa samarin yasa, wato yadda ake shiga a kwashe yashin da ke toshe idon ruwa in rani ya yi nisa. Ni kuwa bakina har ya gaji da faɗa musu cewa rijiyar tasu ce, su suka haƙa, su za su riƙa gyara abinsu.

Ranar buɗewa sai ga shugaban sashen ruwa a Landiroba, babbar riga tana ta ƙamshin turare. Bai taɓa taka garin ba sai ran nan. Shugabanmu na lafiya ma ya zo, amma aka ajiye shi a benci can baya, ba a ko ambace shi ba, ina kallon yadda fuskarsa ta murtuke. Na ruwa ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo, can wajen ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "Wannan rijiya amanar hukuma ce a hannunku. Kada wanda ya kuskura ya shiga cikinta ko ya taɓa gininta sai da izinina. Kun karɓi amana?" Dattawa suka dubi juna, suka amsa, "Mun karɓa." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha a kai.

Shi a wurinsa adon magana ne, irin wanda ake yi don taro ya yi armashi. Su kuwa amana ba abin wasa ba ce. Abin da aka ba ka amana ba naka ba ne, ajiya ce, yadda aka ba ka haka za ka mayar, kuma za a tambaye ka ranar gobe. Da kalma guda ya ƙwace musu rijiyar da suka haƙa da guminsu, ya shiga mota ya tafi.

Shekarar ta tafi lafiya lau, har mata suna yi mini kirari in na shigo. Da rani ya tsananta ruwa ya ja baya, yashi ya cike idon, guga ya koma fitowa da laka. Aikin yini ɗaya ne, kuma ga samarin da suka iya. Sai kawai na ga Sarkin Noma a ƙofar ofishinmu a Gusau, ya biyo motar Tsafe, yana jan ƙafa, wai izinin yasa ya zo nema. Na ce, "Haba Sarkin Noma, wane irin izini? Ku shiga ku yashe abinku mana!" Ya girgiza kai. "A'a Malam, ba kai kab ba mu ba. Gaban Liman anka yi, da hwatiha. Bakin da yac ce kada mu shiga, shi za ya ce mu shiga."

Na kai shi wajen shugaban ruwa, aka ce yana taro. Muka yini a benci, da ya fito ko tsayawa bai yi ba, yana tafiya ya ce yasa ai maganar tsafta ce, mu je sashen lafiya. Muka je wajen nawa shugaban, shi kuma ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Wace rijiya? Ni ina da rijiya ne? Ku koma wajen mai ita, wanda ya yi jawabi." Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan tafki za su koma." Ya ce in kula da bakina. Ofisoshin nan biyu bango ɗaya ne tsakaninsu, in ɗaya ya yi tari ɗayan yana ji, amma girman kai ya hana manya biyu su haɗa baki su ce wa talaka "je ka". Haka dattijon nan ya yi ta zarya, ya zo ya koma, ya sake zuwa, har masinjoji suka fara yi masa dariya.

Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓarke a wajen Bungudu, aka kwashe mu duka aka tura can. Kafin in tafi na sake shiga wajen shugaban ruwa na roƙe shi, ya ce zai duba. Mutanen ƙauyen suka jira har laka ma ta ƙare a rijiyar, ga yara suna kukan ƙishirwa, suka ɗauki tulunansu suka koma ragowar ruwan tafki. Da damina ta sauka rijiya ta kawo ruwa da kanta, kowa ya ce an wuce wurin. Ni kaɗai nake kwana da abin a raina, don na san abin da aka riga aka haɗiya.

Daminar da ta zagayo na samu na koma garin. Tun daga bakin hanya na ga gonaki ciyawa ta fi gero tsawo. Na tarar da Sarkin Noma a zaurensa a kan tabarma, ƙafar daman ta kumbura suntum, kurkunu ya fito masa a gwiwa, wurin ya ruɓe. Na duba, na san ko ya warke wannan gwiwar ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Muryar nan tasa duk ta tafi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi, "Malam, in ka koma ka gaya ma mai rijiya amanatai tana nan yadda yab bar ta. Ko ɗan yatsa ba mu sa ba." Na fito waje na tsaya bayan zaure na yi kuka, ni da gemuna.

Washegari ban ko tsaya sallama ba na faɗa ofishin shugaban ruwa, na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi, sannan ya ɗago da mamaki na gaskiya a fuskarsa ya ce, "Amana? Ni na ce haka? To ai sai su shiga su yashe, wa ya hana su?" Wallahi bai ma tuna ya faɗa ba. Sarkin Noma kuwa bai sake riƙe fartanya ba har ya koma ga Allah, ƙannensa ne suka riƙa ciyar masa da gida.

Na daɗe a aikin nan bayan haka, har ni ma na riƙe mutane a ƙarƙashina, kuma abin da na koya ke nan. Haƙa rijiya ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce a bar wa mutane abinsu a hannunsu, kuma manyan da aka haɗa aiki ɗaya su iya buɗe baki su yi wa juna magana. Shugaba kuma ya auna abin da zai faɗa a gaban talakawa, don shi zai manta kafin motarsa ta hau kwalta, su kuwa za su riƙe maganar da gaske, ko da za ta ci ƙafar da suke noma da ita.