Idon Baba da Watan Kalanda

'Yata ta ɗora mini kalanda biyu a waya, ta boko da ta Musulunci, ta ce daga ranar ba zan ƙara tambayar kowa nawa ga wata ba. Ta bokon ba ta da laifi. Ta Musuluncin kuwa kusan kowane wata sai ta saɓa da lissafin limaminmu, yau ta riga shi, gobe ta biyo bayansa. Akwai wurin gyarawa, ta nuna mini, amma da an shiga sabon wata sai a koma gidan jiya. Na daina gyarawa. Wannan saɓani na san shi tun ba a haife ta ba, a jikin bango na fara ganinsa.

A shekarar ƙarshe ta jamhuriya ta biyu ina ƙaramin ma'aikaci a sashen labarai na wani gidan rediyo a birni. Aikina fassara, in kuma aka rasa mai fita sai a rataya mini rikoda in bi ayarin 'yan siyasa. Gidanmu yana wani ƙauye gefen Lambara. Can Baba yake da yayana, suna noman gero da damina, albasa da rani.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Baba idon dama. Na hagu yana gani dishi-dishi. Lokacin dashe ya shiga fadama ya tattake kunya guda ta irin albasa bai sani ba, Yaya ya bi baya yana tayar da abin da zai tasu. In zai yi karatu sai ya kawo Alƙur'ani dab da hancinsa, ya karkata kai kamar mai leƙen rijiya. Bai taɓa cewa ba ya gani ba. Cewa yake rubutun zamani ya yi ƙanana.

Akwai rediyo a gidan, ni na saya. Batir ne ya zama aiki, domin an shiga tsuke bakin aljihu, in ka same shi a kasuwa ma sai ka yi tunani kafin ka taya. Saboda haka ba a kunna ta sai lokacin labarun yamma, a kashe da an gama. Da rana Yaya yakan jera batiran a kan danga su sha rana, wai suna ƙara ƙarfi.

Labarun kuwa na san su tun kafin su iso ƙauye, da hannuna nake juya su. Wane ya bayyana. Wane ya jaddada. Wane ya musanta abin da wane ya bayyana. Wasu sun sauya sheƙa, an karɓe su da hannu biyu. Zaɓe yana tafe, kuma hanyarmu ita ce ta zuwa Shagari, garin shugaban ƙasa, babu mai neman kujera da bai bi ta ba, don haka kullum akwai ayarin da za a ba da labarinsa. Sanarwar da ta shafi jama'a, ta allurar shanu, ta taki, ta asibiti, ita ce a can ƙarshe, in lokaci ya rage. A gidanmu kafin a kai gare ta murya ta fara shaƙewa, sai Yaya ya ɗora akwatin a kunne.

"Kai mutumin akwati," ya ce mini wata rana da na je gida, "wai ku ba ku da wani zance sai wane yac ce, wane yam mai da martani? Batirin ga da tsada anka sayo shi, ga shi nan duk ya ƙare ga bakin mutum guda."

Na ce ba ni nake tsara su ba.

"To mi kake yi can? Shara?"

Baba ya yi dariya har da tari. A ganinsu wanda yake cikin gidan rediyo ya san komai kafin ya faru, kuma yana iya sa a faɗi abin da yake so. Na yi bayani har na gaji.

Da bazara ta kama sai takarda ta zo mana cewa wasu likitocin ido masu zagaya ƙauyuka za su sauka a Boɗinga yini guda, su duba mutane, su cire yana kyauta. Ban jira rediyo ba, na hau mota na kai labarin da bakina, na faɗa musu ranar. Yaya ya ɗauki Baba a bayan keke zuwa bakin titi, suka samu a-kori-kura. Suka wuni a ƙofar asibiti da sauran tsofaffi. Ba wanda ya zo. Daga baya muka ji an ari motar likitocin an saka ta cikin wani ayari.

Aka sa wata rana. Na sake kai labari. Ana gobe ranar, da yamma, sai ga takarda cewa an sake ɗagawa, wai wani babba zai yi gangami a garin, ba a son cunkoso biyu. Ni na fassara ta, layi uku ce. Na sa ta cikin labarun yamma, na tsaya a bayan gilashi ina sauraro. Jawabin wani ɗan takara ya ci lokacinsa ya ci na wasu, mai karatu ya yi sallama, takardata tana kan tebur ba a taɓa ta ba.

Na sami editanmu yana haɗa jakarsa.

"Ranka ya daɗe, sanarwar likitocin ido ba ta shiga ba."

"Wacce ke nan?"

"Ta ɗage zuwansu Boɗinga. Gobe tsofaffi za su taru."

"Malam, ka ji tsawon jawabin nan ai. In na yanke masa layi ɗaya, kafin in kai gida an bugo waya ana neman wanda ya yanke. Masu ciwon ido ba su da waya."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ce a saka ta da safe. An saka. Amma a gidanmu ba a kunna rediyo da safe, kuma kafin a karanta ta su Baba suna kan hanya. Wannan karon sun tarar da gari cike da tutoci da kalangu. Wani yaron jam'iyya ya ɗora wa Baba hular takarda a kan rawani, ya ɗauka don taron ya zo.

Sanarwa ta uku ta zo ba na nan. An tura ni da rikoda bayan wani ayari can wajen iyaka, muka yi kwanaki muna kwana a azuzuwan makaranta.

A gidan rediyonmu akwai wata al'ada da muke alfahari da ita. Takardun ofis da kwanan watan boko kaɗai suke zuwa, sau da yawa ko sunan ranar babu. Mun san mutanen karkara ba da shi suke lissafi ba. Don haka mai karanta sanarwa yakan ɗaga kai ya dubi kalandar da ke rataye a ɗakin watsa shiri, ya ƙara da cewa, wanda ya yi daidai da kaza ga watan kaza. Taimako ne muke yi. Kalandar wani ɗan kasuwa ne ya buga ta a wani gari mai nisa tun shekarar ba ta shigo ba. Da azumi da salla mukan bi sanarwar ganin wata. Sauran watanni ba mai dubawa, abin da bango ya ce shi ke nan.

Watan Azumin Tsofaffi ne. A ƙauyenmu wata ne da dattawa suke tsayawa su nema da kansu, domin suna azumi a cikinsa. Sun gan shi, kuma sun riga kalanda da kwana guda. Yaya ya kama sanarwar da kunnensa a jikin akwati. Kwanan bokon ya wuce shi kamar iska, ya riƙe na wata, ya lissafa da yatsu daga daren da suka gani.

Yadda ya ba ni labari, sun isa da hantsi suka tarar da wurin fayau, sai maigadi a gindin dogon yaro da wasu tsofaffi 'yan kaɗan da suka zo da irin lissafinsu.

"Baba maigadi," in ji Yaya, "yau na anka ce likitoci za su zo."

"Ni ba a hwaɗa mini ba. Ni ƙohwa anka ba ni."

"Ko sun ɗage?"

"Ka taɓa ganin sun zo?"

Suka zauna har azahar. Baba yana azumi, ga zafin bazara. Yaya ya ce su kwana wurin wani ɗan'uwanmu a garin, su ga abin da gobe za ta yi. Baba ya ce albasa tana ƙasa an tone, ba mai kwashewa, kuma wanda aka yi wa sau biyu ba ya bukatar a fassara masa na uku.

"Tashi mu tahi. Sun ɗage."

Washegari da yamma suka kunna rediyo. Labarin farko shi ne likitocin ido sun sauka a Boɗinga, an yi aiki lafiya. Ya samu shiga gaba ne saboda wani ɗan takara ya biya ta wurin ya gaisa da marasa lafiya. An sa muryarsa yana kira ga jama'a da su riƙa fitowa a kan lokaci idan an kawo musu abin alheri. Yaya ya ce Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kashe, kada a ɓata batir.

Da na dawo na ji, na shiga ɗakin watsa shiri na tsaya gaban kalandar. Babu kuskure a abin da abokin aikina ya karanta, abin da ke rubuce ya faɗa. Na gaya wa edita. Ya yi salati, ya ce Allah ya kyauta, ya ce a riƙa haɗawa da sunan rana. An yi haka na ɗan lokaci, har ranar da jawabai suka sake yin tsawo aka koma taƙaitawa. Na tambayi ofishin da ya aiko takardar yaushe likitocin za su dawo. Aka ce bayan zaɓe. Aka yi zaɓe. Kafin a gama shari'o'insa soja suka karɓi mulki, a labarunmu "wane ya bayyana" ya koma "an umarci jama'a", ba a ƙara jin zancen likitocin ba.

Ya rage asibitin birni. Na bincika, aka ce ana yi, amma layi da tsawo, kuma mai jinya shi zai zo da kusan komai. Na ce zan iya. Na je gida na durƙusa gaban Baba a zaure.

"Baba, a ba ni dama in kai ka birni. Ba rediyo, ba sanarwa. Ni zan riƙe hannunka."

"Sau nawa nit tahi?"

"Wancan kuskuren lissafi ne, Baba. Kwana guda ne kawai."

"Awo. Kwana guda. Wanda yah hana ni da kwana guda, kana ganin bai iya hana ni da shekara? Na nema, an ba ni amsa. Bar ni in ji da abin da anka bar mini."

Na turo kawunmu ya yi masa magana, na turo liman. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu fura, bai sauya ba. Yaya ya ce in daina, ina sa tsoho yana jin kamar ya zama kaya.

Idon hagun ya ɗauki kamar damina biyu yana ja baya. Ban san ranar da ya tafi ba, domin Baba bai faɗa ba, kuma ya san gidansa da ƙafa. Wata Juma'a na iso da la'asar, na yi sallama na zauna a damansa. Ya amsa da murna, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen birni, fuskarsa tana kallon wajen ƙofa inda ya fara jin muryata. Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Sai na ja jiki a hankali a kan tabarma, na koma inda yake kallo, muka ci gaba da gaisawa.