Merle Kinnane da Ramukan Wambat

Merle yayar mijina ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan da na auri Athol, amma a ashirin ɗin farko ban sa ta a ido sau goma ba. Sai dai katin gaisuwa, bana daga Broome, baɗi daga Mount Isa. Ta yi wa masu askin tumaki girki, ta tuƙa motar ma'aikatan haƙar ma'adinai, ta gyara kifi a Port Lincoln har yatsunta suka ƙage. Aure sau ɗaya ta yi, na wata goma sha huɗu. In an tambaye ta abin da ya raba su sai ta ce, "Mutumin kirki ne fa. Zama ne ya yi masa yawa."

Tana da shekara hamsin da takwas ƙugunta ya fara ciwo, ta dawo gida, nan kan tuddan da ke saman kogin Tambo. Athol ya gyara mata tsohon ɗakin katakon mahaifinsu. Na ɗauka hutawa za ta yi. Ina! Ko shayi a tsaye take sha. Kwana uku ta gama wanke duk abin da ke wankuwa a gidanmu, a na huɗu ta sa takalmi ta bi shingen gona.

A lokacin Athol yana cikin yaƙi da wambat, dabbobin nan gajeru masu ƙiba da ke kwana a rami. Su tona ƙarƙashin shingen waya su wuce, karnukan daji su biyo ramin su kashe mana 'yan tumaki. Ya toshe da duwatsu, gari na wayewa ya tarar an ture, ko an buɗe sabo a gefe.

"Buhun siminti mai ƙafa huɗu," in ji shi. "Ba ido, ba hankali, sai taurin kai."

"To ai kun yi kama," in ji Merle. "Ka taɓa bin sawunsu ka ga inda suke zuwa?"

"Ni da aikin yi, ke ce ba ki da shi."

Sai ta bi. Duk lokacin sanyin nan, wanda a ƙasarmu Yuni ne har Agusta, tana fita da sanda da gurasa a aljihu, ba ta dawowa sai hantsi ya gota. Ta cire kalandar bara daga bangona ta juya bayanta, ta fara zane. Da farko ban kula ba. Wata rana ta shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci, ta danne gefe da kwalbar gishiri.

"Glenys, zo ki gani. Kin shekara nawa a gonar nan ba ki san maƙwabtanki ba?"

Gaskiya ban san su ba. Ta nuna mini kwarin da ke bayan rumfar askin tumaki, inda ƙasa take da laushi kuma ruwan rafi ba ya hawa. Ramuka goma sha bakwai ta samu a gangaren, yawancinsu ƙarƙashin saiwar itatuwan da suka faɗi, tara daga ciki da mai gida. Ta ce ana ganewa da sabuwar ƙasa a bakin ramin, da kashinsu mai kusurwa-kusurwa da suke ɗorawa a kan dutse. A ƙasan kwarin, cikin duhuwa, nan walabi, ƙananan dangin kangaru, suke kwana. Kangaru kuwa ba sa son matsi, bakin daji suke zama, inda za su hango fili. Tsofaffin itatuwan turare guda biyar ɗin nan da Athol yake ta cewa zai sare, kowanne da kogo, kowane kogo da tsuntsu ko fosam, 'yar dabbar nan mai hawan itace. Ta ja layi daga ramukan zuwa makiyayarmu. Hanyoyi shida ne kawai, kuma daidai inda suka ratsa shinge, nan Athol yake ta tara duwatsu.

"Hanyarsu ce tun kafin kakanmu ya kafa waya," in ji ta. "Ka yi musu ƙofa ka huta."

"Ƙofa? In sa musu ƙararrawa kuma?"

Shi wata dabara ce a ransa. In babu kwarin, babu wambat. Ya bari sai ranar da na kai Merle asibiti a Bairnsdale a duba ƙugunta, ya kira mai katafila. Da muka dawo da la'asar, rabin gangaren ya zama jar ƙasa, an tara itatuwa gefe guda za a ƙona. Merle ba ta jira na tsayar da mota sosai ba ta fita. Na ga ta gangara tana ɗingishi, tana duba ƙasa, tana zagaye inda ramuka suke dā. Ba ta yi ihu ba. Da ta hawo sai ta tsaya gaban ƙanenta.

"Akwai wata a can mai ɗa a jakar cikinta. Kullum ina ganin ƙafarsa a waje. Ka duba kafin ka tura?"

Athol ya kalli takalminsa.

"Waɗanda suka tsira, ina kake so su je? Ka ɗauka jirgi za su hau?"

A daren ta haɗa kayanta. Mako biyu akwatinta yana bayan mota, ita kuma ba ta tafi ba, ba ta zauna ba. Ta kunna mota ta kashe. Ta je gari ta dawo ba ta sayo komai ba. Ba ta cin abinci da mu. Da sassafe in hango ta a gangaren tana kai-komo.

Abin da ya tsayar da ita, rumfar aski ce. A watan Oktoba masu aski suka zo, babbansu ya taka daɓen katakon ya ce, "Athol, rumfarka ta sha giya ne?" Aka leƙa ƙasa. Ramuka uku, manya, ɗaya ya cinye gindin ginshiƙi har ya karkace. Wurin a bushe yake, ƙasa ga laushi, kuma shi ne mafi kusa da gidajen da aka rushe. Sai da aka ɗaga aski kwana huɗu ana tokare daɓe.

Merle ta zo ta durƙusa ta daɗe tana leƙe. Da ta miƙe, gwiwoyinta duk ƙasa, fuskarta ta sake.

"Ita ce. Ga sawu babba ga ƙarami."

"Ke tsohuwa," in ji Athol a hankali, "yaya ake yin ƙofar taki?"

Tare suka yi su. Ƙyaure ne na katako mai nauyi, a rataye daga sama, wambat ya tura da kai ya wuce, ƙyauren ya koma ya rufe. Ɗan tunkiya ba ya iya ɗaga shi. Ba zan ce kare bai sake shigo mana ba, amma tonon shinge ya kusa ƙarewa. Sauran rabin kwarin Athol ya kewaye shi ya bari, itatuwan da aka tara ma bai ƙona ba. Na ƙarƙashin rumfa kuwa sai da suka shekara kafin su koma.

Yanzu Merle tana da sittin da tara, an sa mata ƙarfe a ƙugu. Rafin namu ya ratsa gonaki huɗu kafin ya faɗa Tambo, ta kuwa bi shi har ƙarshe. Biyu sun karɓi ƙofofinta. Lindsay Doolan, na uku, ya ce in ya sake ganinta a gonarsa zai sakar mata karnuka. Ranar Talata na ga tana loda ƙyaure biyu da guduma a mota.

"Lindsay ya kira ki ne?" na tambaya.

"Ya tafi kasuwar shanu, sai yamma. Matarsa ta ce in zo da wuri."

"Merle, zai kai ki ƙara."

"Ya kai. Riƙe min wannan gefen, yana zamewa."